Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Gano Matsalolin Ruwa A Akwatin Kifi

Gabatarwa

Akwatin kifi, wanda Turawa ke kira akwariyum, wani mazubi ne na gilashi da ake cika shi da ruwa, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasansa, a dasa tsirran ruwa, sa'an nan a saki ƙananan kifaye a ciki don ado ko don nazari. Ana samunsa a ɗakin gwaje-gwaje na wasu makarantun sakandare da kuma a falon wasu gidaje. Sai dai duk wanda ya taɓa ajiye shi ya san kukan da aka fi yi a kansa: an kawo kifaye lafiya lau, ruwa kuwa garau kamar a sha, amma kafin mako na uku sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan hali akan ɗora laifin a kan mai sayar da kifin, ko a kan abincinsu, alhali kuwa galibi ruwan ne ya lalace ta hanyar da ido ba ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamansu abin da ke faruwa a cikin wannan ruwa, da yadda za su bi alamu su gano tushen matsala, su kuma magance ta ba tare da sun ƙara dagula al'amari ba.

Kifi yana zaune cikin bayan gidansa

A kogi ko tafki, duk ƙazantar da kifi ya fitar tana bajewa cikin ruwa mai yawan gaske. A akwatin gida kuwa ba haka abin yake ba. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗin 30 da zurfin 30, lita 54 kacal yake ɗauka, kuma a cikin wannan ɗan ruwa ne kifi zai ci, ya yi numfashi, ya kuma yi kashi.

Mafi haɗari daga cikin abubuwan da kifi ke fitarwa shi ne sinadarin amoniya, wanda ke samuwa idan jiki ya sarrafa abinci mai gina jiki. Yawancinsa yana fita ne ta jar tsokar nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wadda yake numfashi da ita; a wannan maƙala za mu riƙa kiran ta mashaƙa. Haka nan kuma ragowar abinci da matattun ganye da mushen kifi, idan suka ruɓe, amoniya suke bayarwa. Wannan sinadari ba ya canza launin ruwa, amma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙona mashaƙar kifi ya kuma taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙananan halittu da ba a ganinsu sai da madubin likita, waɗanda ke manne a jikin tsakuwa da gilashi, musamman ma a cikin soson matatar ruwa. Wani rukuni nasu yana mai da amoniya ta zama naitarait, wanda shi ma guba ne. Wani rukunin kuma ya karɓi naitarait ya mai da shi naitaret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba, kuma tsirrai na shan sa a matsayin taki. Sai mai karatu ya kula, domin sunayen biyu sun yi kama: naitarait shi ne NO2, mai kisa da sauri, naitaret shi ne NO3, mai taruwa sannu a hankali.

An daɗe ana binciken wannan al'amari. A shekarar 1850 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifin zinariya da tsiron ruwa da dodon koɗi suna iya rayuwa tare a mazubin gilashi na tsawon lokaci, kowane yana amfana da ɗan'uwansa. A wajejen 1890 kuma Sergei Winogradsky, yana aiki a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ya ware bakteriyar da ke wannan aiki a cikin ƙasa. Tsofaffin littattafan makaranta suna ambaton suna biyu ne, wato Nitrosomonas da Nitrobacter. Amma a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa a akwatunan kifi na ruwan daɗi, wata bakteriya mai suna Nitrospira ce ta fi yin aikin mataki na biyu. Daga baya, a 2015, masu bincike a Ostiriya da Holan suka gano cewa wasu nau'o'in Nitrospira suna iya yin matakan biyu su kaɗai. Ko ma wane suna suke amsawa, halinsu ɗaya ne: suna buƙatar iskar oksijin da ruwa mai gudana, kuma ba sa hayayyafa da sauri. Sabon akwati kan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su yawaita yadda za su iya da ƙazantar kifi. Wannan shi ne sirrin mutuwar kifaye a makonnin farko.

Kayan gwaji

Tun da ido ba ya ganin waɗannan sinadarai, dole a auna su. Masu sayar da kayan kiwon kifi suna da ƙananan kwalaben gwaji da ake ɗiga wa samfurin ruwa, launinsa ya canza, a gwada shi da katin launuka. Abubuwa huɗu ne suka fi muhimmanci: amoniya, naitarait, naitaret da ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko kaifinsa irin na kanwa. Sai kuma ma'aunin zafi, wanda ya kamata ya zauna a jikin akwatin kullum. A akwati mai lafiya amoniya da naitarait sifiri ne, naitaret kuwa bai kamata ya wuce miligiram 40 a kowace lita ba. Yawancin kifayen ado suna zama lafiya idan pH yana tsakanin 6.5 da 8, muddin ba ya hawa da sauka ba zato ba tsammani.

Alama ta farko: kifaye sun taru a saman ruwa suna haki

Wannan ita ce alamar da ta fi buƙatar gaggawa, kuma abubuwa uku ne ke jawo ta.

Na farko shi ne ƙarancin oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, amma ruwa kaɗan yake iya riƙewa, kuma yana raguwa idan ruwa ya ɗumama. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9.1, a digiri 30 kuwa sai ya sauko zuwa kusan 7.6. A daidai wannan lokaci jikin kifi yana ƙara sauri, yana neman ƙarin iska. Saboda haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, akwatin da ya wuce hunturu lafiya yana iya zama tarko. Idan hakin ya fi tsanani da asuba, to tsirrai da gansakuka ne suka sha iskar cikin dare, domin ba sa samar da oksijin sai da haske. Maganin shi ne a motsa saman ruwa, tun da ta nan ne iska ke shiga: a kunna famfon iska, ko kuma a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama. A lura kuma cewa tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iska kai tsaye da ita, don haka ganin ta lafiya ba ya nuna cewa ruwan zai ishi karfasa ko kifin zinariya.

Na biyu shi ne naitarait. Yana shiga jini ta mashaƙa, ya lalata sinadarin da ke ɗaukar oksijin, har jinin kifi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ke nan kifi na iya shaƙewa a cikin ruwa mai wadatar iska. Idan gwaji ya nuna naitarait, a canza rabin ruwan nan take, a dakatar da ba da abinci na kwana ɗaya ko biyu, a kuma narka gishiri giram 1 ga kowace lita 10, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga akwatin lita 54. Hikimar ita ce, sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri yana bin ƙofa ɗaya da naitarait a mashaƙar kifi, don haka yana tare masa hanya.

Na uku shi ne amoniya. Kifin da ta kama yakan tsuke fika-fikansa, mashaƙarsa ta yi ja, ya ƙi abinci. A nan akwai wani lissafi da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe. Amoniya tana zama a ruwa cikin siffa biyu: NH3 mai tsananin guba, da NH4+ mai sauƙi. Ma'aunin pH ne ke raba su. A digiri 25, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne ke cikin siffa mai guba. Idan ya hau zuwa 8, sai ya haura kashi 5 cikin ɗari. Alal misali, idan gwaji ya nuna miligiram 1 a lita, to a pH 7 gubar ba ta wuce 0.006 ba, amma a pH 8 ta kai kusan 0.05, alhali masu kiwon kifi ba sa son ta wuce kimanin 0.02. Abin koyo a nan shi ne, kada a kuskura a zuba wani abu mai ɗaga pH a ruwan da ke da amoniya. A canza ruwa, a rage abinci, a kuma duba ko akwai mushe da ya maƙale a bayan dutse.

Alama ta biyu: kifaye sun rikice jim kaɗan bayan an canza ruwa

Idan matsala ta ɓullo cikin 'yan sa'o'i bayan zuba sabon ruwa, sai a tuhumi sabon ruwan. Hukumomin ruwa suna sa sinadarin kulorin a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla miligiram 0.2 a lita ya iso ga mai sha. Wannan alheri ne ga ɗan Adam, amma yana ƙona mashaƙar kifi, yana kuma kashe bakteriyar matata. Idan aka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya zuwa biyu, musamman in ana hura masa iska, kulorin zai fice. Sai dai a wuraren da ake amfani da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, ajiye ruwa ba ya wadatarwa. Dole a ɗiga maganin kashe kulorin da ake sayarwa don wannan aiki.

Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma shi ma yana da nasa halin. Sau da yawa yakan fito da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon, wani lokaci kuma da sinadarin ƙarfe wanda ke sa shi ya yi ja idan ya sha iska. Shi ma a bar shi ya kwana. Ruwan rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa takin zamani kuwa yana iya zuwa da naitaret tun daga tushe, saboda haka yana da kyau a gwada shi kafin a dogara da shi.

Daɗin daɗawa, a kula da bambancin zafi. Kifi ba ya iya daidaita ɗumin jikinsa kamar mutum. Zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Ruwan tankin da ya yini a rana, ko ruwan randa mai sanyi da safiyar hunturu, in an juye shi gaba ɗaya, yana iya gigita kifi. Kada bambancin ya wuce digiri 2.

Alama ta uku: ruwa ya gurɓace

Launin ruwa yana ba da labari. Idan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, musamman a sabon akwati ko bayan an cika abinci, to wasu bakteriya masu cin ruɓaɓɓen abu ne suka yi yawa. Su kansu ba sa cutar da kifi, amma suna shanye oksijin. A rage abinci, a ƙara iska, cikin 'yan kwanaki zai washe da kansa. Idan kuwa ya yi kore shar, to ƙananan gansakuka ne, kuma abinci biyu suke nema: haske da taki. A janye akwatin daga bakin taga, a taƙaita hasken fitila zuwa sa'o'i 8 a rana, a kuma rage naitaret ta hanyar canza ruwa. Ruwan da ya yi rawaya kamar shayi yakan samo launinsa daga itacen da aka sa don ado, ko kuma daga daɗewa ba a canza shi ba.

Hanci ma ma'auni ne. Akwati mai lafiya ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Idan aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai lokacin da aka taɓa tsakuwa, to datti ya taru a ƙasa inda iska ba ta kaiwa, har wasu bakteriya sun fara fitar da iska mai guba ta haidirojin salfaid. A zuƙe dattin da siririyar roba, ɓangare-ɓangare, kada a birkita tsakuwar duka a lokaci guda.

Alama ta huɗu: tsohon akwati ya fara ƙin sababbin kifaye

Wani lokaci akwati yakan shekara ba tare da wata matsala ta fili ba, amma duk sabon kifin da aka saka sai ya mutu, tsofaffin kuma ba sa girma. Dalili shi ne ruwan ya lalace sannu a hankali har na ciki suka saba da shi. Aikin mai da amoniya naitaret yana fitar da tsami, kuma yana cinye sinadarin kabonet da ke kare ruwa daga tsami. Idan kabonet ya ƙare, pH kan faɗi ƙasa da 6, a nan kuma bakteriyar matata sukan yi sanyi, amoniya ta fara taruwa.

Kuskuren da ke jawo wannan shi ne ɗaukar cikon ruwa a matsayin canjin ruwa. A lokacin hunturu, da iska ke bushe, ruwan akwati yana ƙafewa da sauri. Amma ruwa zalla ne ke tashi. Naitaret da gishiri suna nan a ciki. Wanda ke ciko kawai bai fitar da komai ba. Lissafin mai sauƙi ne: idan naitaret ya kai 80, aka kwashe rabin ruwan aka mayar da mai tsabta, zai koma 40, idan ciko aka yi, yana nan yadda yake.

Gyaran irin wannan akwati yana buƙatar haƙuri. Kamar yadda aka bayyana a baya, amoniya ba ta da kaifi sosai a ruwa mai tsami, don haka canza ruwa mai yawa a tashi ɗaya zai ɗaga pH ya mai da ita guba. A riƙa canza kashi ɗaya cikin goma kullum har ma'auni ya daidaita. Idan ruwan yankin ba shi da kabonet sosai, ana iya sa ɗan dakakken ɓawon katantanwa a cikin matata. Akasin haka kuma, idan pH yana ta hawa ba dalili, a binciki duwatsun ado. Dutse irin wanda ake haƙowa a Kalambaina ko Ashaka don yin siminti yana narkewa a ruwa ya ɗaga pH. A fitar da dutsen, a ɗiga masa ruwan lemun tsami; in ya yi kumfa, to shi ne.

Haɗurran da ke zuwa daga wajen akwati

Idan duk gwaje-gwaje sun nuna lafiya amma kifaye suka mutu farat ɗaya, sai a tambayi abin da ya faru a ɗakin. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi, ko da ɗan abin da ya sauka a saman ruwa ne. Kafin a yi feshi, a rufe akwatin ruf, a kashe famfon iska, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Sabulu da omo da man shafawa na hannu su ma haka. A ware bokiti da soso na akwatin kifi kaɗai.

Ɗaukewar wutar lantarki ita ma matsalar ruwa ce. Da zarar matata ta tsaya, bakteriyar cikinta sukan shanye ɗan oksijin da ya rage cikin sa'o'i kaɗan. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ciro soson a bar shi cikin ruwan akwatin, a riƙa motsa ruwan da kofi lokaci-lokaci, a kuma daina ba da abinci, domin babban kifi mai lafiya yana jure yunwar kwana biyu ko uku ba tare da wata illa ba. Kafin a sake kunna matata, a zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta. Inda wuta ba ta da tabbas, dabara mafi inganci ita ce rage yawan kifaye da ƙara yawan tsirrai.

Rigakafi

Yawancin abin da aka lissafa ana kauce masa da ɗabi'u kaɗan. A fara da kifaye biyu ko uku, a ƙara sannu a hankali bayan makonni. A ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. A canza rubu'in ruwan kowane mako, wato kimanin lita 13 a akwatin lita 54. Mafi muhimmanci, kada a wanke soson matata da ruwan famfo ko sabulu. A matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka kwaso daga akwatin. Mai son tsabta da ke kwashe kifi ya wanke komai tas, ya shanya tsakuwa a rana, yana hallaka ma'aikatan da ke tsare masa ruwa ne, ya mai da akwatinsa sabo, ya koma farkon makonni shidan nan masu haɗari. Haka nan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana iya kashe bakteriya masu amfani tare da masu cutarwa.

Aikin aji

Malami na iya mai da wannan darasi abin gani da ido ba tare da an sadaukar da kifi ko ɗaya ba. A haɗa akwati da tsakuwa da matata, babu kifi, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum. Ɗalibai su auna amoniya da naitarait da naitaret kowane kwana biyu, su rubuta a jadawali, su zana a takardar giraf. Za su ga amoniya ta hau ta sauko, naitarait ya biyo bayanta ya hau ya sauko, sa'an nan naitaret ya fara taruwa. Idan da hali, a haɗa akwati na biyu a sa masa ɗan soso daga tsohuwar matata mai aiki, a kwatanta wanda zai riga kammalawa. Wannan shi ne zagayen naitirojin da ake karantawa a darasin bayoloji da na aikin gona, domin irin waɗannan halittu ne ke sarrafa takin yuriya a gona har shuka ta amfana da shi. Ranar da amoniya da naitarait suka koma sifiri suka zauna a haka, sai a canza rabin ruwan, a kawo kifayen farko.